Sha ka fashe, maƙoƙo da ciwon suga: fashin baƙi kan sinadaran homon da ke tafiyar da jiki

Saura wata biyu a ɗaura wa 'yar yayata aure na je gidansu, yarinyar ta fito gaishe ni, sai da na sake dubawa kafin na gane ta. Yarinyar da na sani siririya kamar sillen kara, ga ta kumatu sun ciko, fuska ta yi zagaye kamar faifai, har wani ɗan tozo ya taso mata a bayan wuya. Yayata sai murna take, tana cewa, "Ka ga 'yarka, amarci ya karɓe ta tun ba a kai ta ɗaki ba." Ni kuwa hankalina na wani wuri. Da ta durƙusa ta gaishe ni, da za ta miƙe sai da ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, irin miƙewar tsohuwa. Damtsenta da ƙwaurinta sun ƙara sirancewa, ciki da fuska ne kawai suka yi gaba.

Na ce, "Zo nan 'yata, me kike sha?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Kawu." Sai da na yi ta lallashi sannan ta shiga ɗaki ta fito da katin wasu ƙananan ƙwayoyi. Ƙawarta ce ke sayo mata a kemis, wai maganin ƙiba, wanda 'yan mata ke kira sha ka fashe. Na juya katin na karanta: deksametason. Wata huɗu ke nan tana sha, biyu da safe biyu da dare.

Da na gaya wa yayata abin da ƙwayar ke yi wa jiki, hankalinta ya tashi, ta fizgi katin za ta jefa a masai. Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, in ta daina yau lokaci guda, abin da zai biyo baya ya fi wannan da muke gani muni." Ta tsaya tana kallona. Magani yana cutar da yarinya, kuma a ce kada a daina? Tambayarta na kan hanya, kuma a shekarun da na yi ina koyar da ɗaliban aikin lafiya na lura ko su sai an daɗe ana maimaitawa kafin abin ya zauna musu. Amsar tana cikin yadda sassan jiki ke aika wa juna saƙo, da yadda suke sauraron amsar saƙon.

Hanya biyu jiki ke bi wajen aika saƙo. Ta farko ita ce ta jijiyoyin laka, kuma kamar kiran waya take: daga wuri guda zuwa wuri guda, nan take. Ka taka garwashi, kafin ka san me ya faru ka ɗage ƙafa. Ta biyu ta fi kama da mai shela da sarki ya tura ya zaga gari. Kowa zai ji muryarsa, amma in ya ce gobe masu shanu su kai dabbobinsu rigakafi, masu shanu ne kaɗai za su motsa, tela da maƙeri su ci gaba da aikinsu. Wannan mai shela shi ne homon. Sinadari ne da wani sashe na jiki ke zubawa cikin jini, jini ya zaga da shi ko'ina, amma ƙwayoyin halittar da ke da kunnen jin wannan saƙon ne kawai za su amsa. Shela ba ta kai waya sauri ba, sai dai aikinta ya fi daɗewa. Girman yaro, balaga, haila, ɗaukar ciki, ƙarfin ƙashi, yawan sukari da gishiri a jini, duk ta wannan hanya ake tafiyar da su.

Ƙullutun naman da ke tsatso sinadari likitoci na kiransa gilan, kuma iri biyu ne. Akwai masu bututun da ke fitar da abin da suka tsatso zuwa waje, irin na gumi da yawu da hawaye da nono. Akwai kuma marasa bututu, masu zuba nasu kai tsaye cikin jini. Waɗannan na biyun su ake kira endokirin, su ne kuma maganarmu.

Makiyaya sun riga likitoci ganin aikin homon. Duk wanda ya yi kiwo ya san bambancin bunsuru da taure: da zarar an fiɗiye shi, warin nan ya tafi, rigima da bin akuyoyi su ƙare, ya kwanta ya yi ta tara kitse. Abin da ba a sani ba shi ne ta yaya 'ya'yan maraina, da suke can ƙasa, ke juya halin dabba gaba ɗaya. A 1849 wani masani a birnin Gottingen na Jamus, Arnold Berthold, ya fiɗiye zakaru, zankonsu ya ƙanƙance, suka daina cara da faɗa. Sai ya dasa wa wasunsu ɗan maraina a cikin ciki, inda babu jijiyar da ta haɗa shi da inda aka ciro shi. Zakarun suka koma cara, suka koma bin kaji. Ke nan ta jini saƙon ke tafiya. A 1902 William Bayliss da Ernest Starling a Landan suka gano sinadarin da ƙaramin hanji ke aikawa ta jini idan abinci ya iso shi, a 1905 kuma Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa.

Shugabancin wannan tsari yana cikin kai. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ake kira haifotalamus, shi ke auna zafin jiki da ƙishirwa da yunwa da abin da ke yawo cikin jini. A ƙarƙashinsa gilan ɗin fituwitari ke rataye, girmansa kamar ƙwayar wake, nauyinsa wajen rabin giram, yana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi a bayan hanci. In haifotalamus sarki ne, fituwitari waziri ne: shi ke karɓar umarni ya rarraba wa hakimai. Yana aika homon mai suna TSH zuwa gilan ɗin wuya, ACTH zuwa na saman ƙoda, FSH da LH zuwa 'ya'yan maraina ko gidan ƙwan mace. Yana kuma da nasa na kansa, kamar homon ɗin girma, wanda ya fi fita lokacin barci mai nauyi, da furolaktin mai sa nono ya kawo ruwa.

Ga wurin da nake roƙon mai karatu ya tsaya, don sauran bayanin duk a kansa ya rataya. Umarni ba ya sauka kawai ya tsaya, rahoto na komawa sama. Kullum waziri na ɗanɗana jini yana duba ko abin da ya ce a yi an yi. In ya ga homon ɗin hakimi ya wadata, sai ya rage aike. In ya ga ya yi ƙaranci, sai ya ƙara matsa lamba. Da wannan kai da komo ake riƙe kowane sinadari a ma'auninsa. Amma fa waziri ba ya tambayar daga ina sinadarin ya fito. Ko jiki ne ya haɗa shi, ko daga kemis aka sayo aka haɗiye, abin da ya tarar a jini shi yake lissafawa.

Maƙoƙo shi ne misalin da kowa ya taɓa gani da ido. Ina yaro akwai wata goggonmu a ƙauye da ba ta rabuwa da mayafi a wuya ko a tsakar gida, saboda wani ƙullutu da ya kai girman lemo, in ta haɗiyi yawu sai ka ga ya hau ya sauko. Wasu su ce gashi ta haɗiya, wasu su ce jifa ne. Ba ita kaɗai ba ce a ƙauyen, kuma kusan duk masu shi mata ne.

Abin da ya kumbura shi ne gilan ɗin tayirod, wanda ke kwance a gaban maƙogwaro da fukafukai biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinsa bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Homon ɗinsa, T4 da T3, su ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, kamar mai iza wuta a murhu. Lambobin nan 4 da 3 adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowane ɗaya, don haka in babu aidin, sinadarin da jiki ke samu daga abinci, babu homon. Abin da baligi ke buƙata a rana maikirogiram 150 ne, mai ciki 250, wato duk rayuwar mutum bai fi cikin ƙaramin cokali ba. Sai dai ƙasar da ke nesa da teku, ko wadda ruwan sama ya daɗe yana wankewa, ba ta da shi sosai, amfanin gonar da ta fitar ma haka. Idan aidin ya yi ƙaranci, tayirod ya kasa cika aiki. Waziri ya ɗanɗana jini ya ji babu, sai ya ƙara aiko TSH. Babu dai. Ya sake ƙarawa. Gilan ɗin ya yi ta girma yana neman tsinto ɗan aidin da ya rage a jini, shekara da shekaru, har ya fito fili a wuya. Ciki da shayarwa na ƙara buƙatar aidin, shi ya sa abin ya fi kama mata. Rogon da ba a jiƙa shi ya tsumu sosai ba yana ƙara dagula lamarin, kuma binciken da aka yi a yankin Darfur na Sudan ya nuna gero ma na ɗauke da sinadaran da ke rage wa tayirod ƙarfin amfani da aidin. Wannan ba dalilin barin fura ko tuwon gero ba ne, matsalar tana tasowa ne inda dama aidin ɗin ya yi ƙaranci.

Kumburin wuya shi ake gani, amma abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gani. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi da homon ɗin tayirod take ginuwa, a watannin farko kuma da na uwarsa ya dogara. Uwar da ba ta da isasshen aidin na iya haifar yaron da zai tashi da ƙarancin fahimta, in abin ya yi tsanani har da kurumta da tsumburewa, kuma ba a iya gyara shi daga baya. Saboda haka ne Najeriya ta wajabta zuba aidin a gishirin ci tun 1993, kuma masu maƙoƙo sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin goggonmu. Sauran aikin yana kicin: aidin na bin iska in an bar gishiri a buɗe cikin rana ko laima, kuma gishirin gargajiya da ba a zuba masa aidin ba, komai daɗinsa a miya, ba ya biyan wannan buƙata.

Tayirod kan kuma wuce gona da iri. Mutum na ci kamar gara yana ramewa, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, gumi ko a cikin hunturu, barci ya ƙaurace, saurin fushi, wani lokaci idanu su firfito. Na sha ganin an yi wata da watanni ana yi wa irin wannan mara lafiya hayaƙi da ruƙiyya kafin wani ya ce a gwada jini. In kuma gilan ɗin ya yi sanyi, sai akasin haka: kasala, jin sanyi, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, mantuwa. Gwajin TSH ɗaya kan nuna inda aka dosa, kuma duka biyun suna da magani. A bayan tayirod ɗin akwai wasu ƙananan gilan huɗu masu girman ƙwayar shinkafa, su ke kula da sinadarin kalsiyam a jini da ƙashi.

Wanda yake son ganin homon na aiki a jikinsa, ya lura da kansa ranar azumi a cikin bazara. Ƙoda na tace ruwa wajen lita 180 daga jini kowace rana, amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran duk ana mayar da shi. Da rana ta take, jini ya fara kauri, haifotalamus ya ji, sai a saki homon ɗin ADH ta bayan fituwitari, ya ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Shi ya sa fitsarin la'asar yake fitowa kaɗan kuma ja. Bayan an sha ruwa aiken ya ragu, fitsari ya koma fari.

Sukari kuma fa? Duk sukarin da ke yawo a jinin baligi a lokaci guda bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, cikin ƙaramin cokali, ga shi ƙwaƙwalwa ba ta iya haƙura da shi ko na 'yan mintuna. Amma mai azumi na kaiwa magariba da hankalinsa. Mai wannan aiki shi ne fankiriyas, wani dogon nama da ke kwance a bayan tumbi. Na kan ji ana fassara shi da saifa, alhali saifa daban take, tana can gefen hagu tana tace jini. A cikin fankiriyas akwai ƙananan tsibirai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda wani ɗalibin likita a birnin Balin na Jamus, Paul Langerhans, ya fara gani a 1869. Bayan sahur, sukari ya hau, tsibiran su saki insulin, shi kuma ya sa tsoka da kitse su kwashi sukarin, hanta ta adana wajen giram 100. Da rana ta yi nisa, sukari ya fara sauka, sai su saki gulukagon, ya sa hanta ta buɗe rumbu tana fitarwa kaɗan-kaɗan. Waɗannan biyun ba sa jiran umarnin waziri, su da kansu suke ɗanɗana jini.

Ciwon suga lalacewar wannan ma'auni ne. A nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke haɗa insulin, sai a wayi gari babu shi sam. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, insulin na nan amma jiki ya yi masa kunnen ƙashi, fankiriyas ya yi ta ƙara zubawa har ya gaji. Teɓa da rashin motsa jiki da gado duk suna da hannu a ciki. Sukari ya taru a jini, ya tsallaka cikin fitsari yana jan ruwa, shi ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama, har a ga kiyashi na taruwa inda mutum ya yi fitsari. In aka auna jini da safe kafin a ci komai aka samu sukari ya kai miligiram 126 a kowane desilita na jini ko fiye, aka sake aka samu haka, to ciwon ya tabbata. Kafin 1921 yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa. A shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka ciro insulin a Jami'ar Toronto da ke Kanada, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa ya farfaɗo. Dala ɗaya-ɗaya masu binciken suka karɓa suka bar wa jami'ar haƙƙin mallakarsa. Duk lokacin da na ga uba yana rage wa ɗansa adadin allura don kwalbar ta kai ƙarshen wata, sai wannan dala ɗaya ta faɗo mini a rai. Dalilin da ya sa insulin yake allura kuwa shi ne, da za a haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama.

A ɗakin haihuwa ma homon ne ke jan ragama. Oksitosin ke matsa mahaifa lokacin naƙuda, kuma a nan tsarin ya sha bamban: maimakon rahoto ya sa a rage, ƙarawa yake sa a yi. Kan jariri ya danno, a ƙara saki, mahaifa ta ƙara matsawa, har sai ya fito. Shi ne kuma ke tunkuɗo ruwan nono, har uwa kan ji rigarta ta jiƙe don kawai ta ji kukan ɗanta. Allurarsa da ake yi bayan haihuwa na hana zubar jini, ta ceci mata da yawa, da sharaɗin an ajiye ta cikin sanyi don zafi na kashe ƙarfinta. Amma allurar naƙuda da wasu ke yi wa mata a gida don a gaggauta haihuwa, ba tare da sanin yadda ɗan ya kwanta ba, tana iya fasa mahaifa.

Akwai wata larura da nake ganin ana yawan wucewa ta kanta a wurarenmu. Fituwitari na ƙara girma lokacin ciki, yana buƙatar jini da yawa. In mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, wani sashensa na iya mutuwa. Ta tsira da ranta, amma nono ya ƙi kawowa, haila ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, ta yi ta fama da kasala shekara da shekaru ana cewa jego ne bai karɓe ta ba. Waziri ne ya faɗi, hakimai suka zauna ba mai aiko musu. Wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana wannan a 1937, kuma ana iya maye mata homon ɗin da ta rasa da ƙwayoyi ta koma rayuwarta.

Haila ita ma zance ne tsakanin fituwitari da gidan ƙwai, homon ɗin gidan ƙwai, istirojin da furojestaron, na hawa suna sauka a kan lokaci. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa da wannan rahoton suke aiki: waziri ya tarar da homon a jini, sai ya fasa aiko umarnin sakin ƙwai. Shayarwa ma kan jinkirta dawowar haila ta hanyar furolaktin, wanda in ya hau ba ciki ba goyo yakan hana ɗaukar ciki. Tsakanin shekara 45 zuwa 55 gidan ƙwai ke yin ritaya, shi ne zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska da gumin dare. Yanzu ko'ina ka duba a Facebook da TikTok za ka ga masu tallar haɗin da wai ke daidaita homon. Wane daga ciki? Hawa ya yi ko sauka? Wanda bai auna jini ba ba shi da amsa, ko da kuwa niyyarsa mai kyau ce.

Ba gilan kaɗai ke yin homon ba. Ƙoda na da wanda ke sa ɓargo ya haɗa jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda ke fama da ƙarancin jini. Mabiyiya na da nata, shi ne wanda tsinken gwajin ciki ke ganowa a fitsari. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa kuma akwai mai sakin melatonin idan duhu ya yi, hasken da muke haska idonmu da shi tsakar dare kuwa yana jinkirta shi.

Yanzu mu koma kan 'yar yayata. A saman kowace ƙoda akwai gilan da ke zaune kamar hula, ana kiransa adirinal. Cikinsa na sakin adirinalin, wanda ke sa gabanka ya faɗi, bakinka ya bushe, ka tsallake katangar da ba ka taɓa zaton za ka iya ba ranar da kare ya biyo ka. Ɓawonsa kuma na haɗa aldostaron mai riƙe gishiri, da kotisol. Kotisol shi ne homon ɗin jure wahala. Yana hawa da asuba ya shirya ka tashi, ya sauka can tsakar dare. In zazzaɓi ya kama ka, ko ka yi hatsari, ko aka yi maka tiyata, jiki na ninka shi don ya riƙe ƙarfin bugun jini da sukari. Mutum ba ya rayuwa babu shi. Thomas Addison ya bayyana yadda masu lalacewar wannan gilan ke ƙarewa tun 1855 a Landan.

Deksametason kwaikwayon kotisol ne da aka haɗa a masana'anta, ya kuma fi shi ƙarfi wajen sau 25. Magani ne mai daraja a hannun wanda ya san shi: ana ba mai ciki da naƙuda ta zo wa kafin lokaci don huhun jariri ya yi ƙwari, kuma a 2020 gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma ƙwaya ɗaya mai rabin miligiram ta kusa kai abin da jiki ke haɗawa a yini guda, ita kuwa yarinyar nan huɗu take sha. Kotisol in ya yi yawa, tsokar cinya da damtse yake narkarwa ya mayar sukari, ya kwashe kitse ya tara a fuska da ciki da bayan wuya, ya riƙe ruwa da gishiri, ya buɗe cin abinci. Abin da yayata ta ɗauka ƙiba ce, kumburi ne da kitsen da ya sauka inda bai dace ba, an biya shi da naman ƙafafunta. Tare da shi akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, gyambon ciki, rikicewar haila, fata ta yi laushi ta tsattsage da jar nankarwa, garkuwar jiki ta faɗi har tarin fuka da ya kwanta ya iya tashi. Likitoci na kiran wannan kama da sunan Harvey Cushing, likitan tiyatar Amurka da ya bayyana ta a 1932. Mayukan bilicin da yawa ma na ɗauke da 'yan uwan wannan sinadari, irin su kulobetasol, kuma fata na tsotse su su shiga jini, musamman ga mai shafe duk jiki safe da dare.

To me ya hana a jefa katin a masai? Wata huɗu waziri na ɗanɗana jini yana jin kotisol ya yi ambaliya, don haka ya daina aiko ACTH kwata-kwata. Gilan ɗin da ba a aiko masa ba barci yake yi, har ya motse. Mako uku na shan irin wannan magani ya isa a fara ganin haka. In aka yanke ƙwayar rana ɗaya, na waje ya ƙare, na gida bai farka ba. Sai amai da gudawa da ciwon ciki, jiri, sukari ya faɗi, bugun jini ya yi ƙasa, in aka yi rashin sa'a zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da ita a wannan hali, ana iya rasa ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Yawancin masu sha ma wannan ne ke mayar da su: sun gwada bari, suka ji kamar za su mutu, suka koma, suka ɗauka jikinsu ne ya saba. Hanyar fita ita ce a riƙa ragewa sannu a hankali bisa lissafin likita, yadda waziri zai fara jin ƙaranci ya koma aike, gilan ɗin ya farka. Farkawar kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara.

Washegari muka kai ta asibiti. Jininta ya hau, sukarinta na bakin iyaka. Likita ta sauya mata zuwa wani mai sauƙin ƙarfi, ta rubuta yadda za a riƙa ragewa, ta ba ta takarda ta ce kada ta rabu da ita, kuma duk ranar da zazzaɓi ko amai ya kama ta a kawo ta ko da tsakar dare ne. An yi biki fuskar ba ta gama saɓewa ba, dangin ango na ta yaba cikar amarya, ni da yayata muna jin su. Sai bayan wata bakwai gwajin jinin da aka ɗiba da ƙarfe takwas na safe ya nuna gilan ɗinta sun koma aiki. Ƙarfin ƙafafunta ya dawo, nankarwar cinya da ciki dai ta dusashe ne kawai, ba ta tafi ba.

Ranar da ta kira ni ta gaya mini sakamakon, kafin mu yi sallama ta ce, "Kawu, ƙawata fa ta fi shekara tana sha, kuma yanzu tsoro take ji. Na ce mata kada ta kuskura ta daina da kanta. In na kawo ta gobe za ka raka mu wajen likitar?"